Ku tambaya mu amsa: Wa ke naɗa wa sabuwar ƙasa rawani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Gardama ce ta kaure mamu a fada ran Juma'a da dare har shayi ya huce ba mu sha ba. Abokina ya ce duk yankin da ya kafa tuta ya yi soja da kuɗinshi to ya zama ƙasa kenan, ni kuma na ce a'a sai ONU, wato Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da takarda. To wani ya kawo maganar Sudan ta Kudu da Somaliland, ya ce ɗaya kwana biyar anka karɓe ta ɗaya kuma shekara da shekaru tana jira, nan duk munka yi shiru. Don Allah a warware mamu, wa ke da ikon cewa wagga ƙasa ce wagga ba ƙasa ba?

Daga wani ɗan lise, unguwar Bagalam, Maraɗi

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi albarka, kuma wallahi na ji daɗi ƙwarai da irin wannan ce gardamar da kuke a fada. Kai da abokinka kowa ya riƙo wani ɓangare na gaskiya amma ba wanda ya riƙo ta duka.

Abokinka yana da madafa. A 1933 ƙasashen nahiyar Amurka sun yi wata yarjejeniya a birnin Montebideyo, nan aka zana abu huɗu da ake dubawa: mutane mazauna, yanki sananne, gwamnati mai iko da wurin, da kuma iya hulɗa da sauran ƙasashe. Har yau masana doka da su suke farawa. Kai kuma inda ka ɗan kauce shi ne ONU ba ta da wani biro da ake zuwa a buga ma ka hatimi a ce daga yau ka zama ƙasa. Kowace ƙasa ita ke yanke shawarar kanta, ta fitar da sanarwa ta ce na amince da wance, daga nan in ta ga dama a yi musayar jakadu, jakada ya kai takardar kama aiki ga shugaban ƙasa, a buɗe ambasad. Abin da ONU ke yi shi ne karɓar ka cikin ƙungiya, kuma ƙofar tana da ƙunci: sai ƙasa 9 cikin 15 na Kwamitin Sulhu sun yarda, kuma kada ɗaya daga cikin manyan nan biyar, Amurka, Rasha, Sin, Ingila, Faransa, ta hau kujerar naƙi, sannan babban zaure ya amince da kashi biyu cikin uku. Dubi Falasɗinu, tun Nuwamba 1988 aka yi shelar ƙasar a Aljeriya, ƙasashe sama da 140 sun amince da ita, a 2012 aka ba ta kujerar 'yar kallo, amma da aka kai maganar cikakkiyar kujera a Afrilun 2024 Amurka ita kaɗai ta tare ƙofa, shi kenan magana ta tsaya. Wannan abu yana ci min rai har yanzu.

Ka san rawani ko a babbar kasuwa nan za ka iya saye ka naɗa da kanka, amma ba shi ke sa a yi ma ka mubaya'a ba. To haka tuta take.

Mu a Nijar abin ya zo da sauƙi don wanda ke riƙe da ƙasar shi ya saki. Ran 3 ga Agusta 1960 Diori Hamani ya yi shelar 'yancin kai, ran 20 ga Satumba na shekarar muna cikin ONU, ba wanda ya tayar da jijiyar wuya. Kuma nan ne amsar tambayarku take ƙanena, abin da ya fi komai nauyi shi ne ko uwar ƙasar da aka ɓalle daga jikinta ta yarda ko ba ta yarda ba. Sudan ta Kudu an sha yaƙi shekaru masu yawa, aka yi sulhu a 2005 kuma cikin sulhun aka rubuta cewa za a yi ƙuri'ar raba gardama, aka yi ta a Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa, to gwamnatin Sudan ta Khartum da kanta ta riga kowa amincewa, shugabanta na lokacin Umar al-Bashir ma ya je Juba bikin ran 9 ga Yuli, ran 14 ga watan ta zama ƙasa ta 193 a ONU. Tunda mai gida ya ce ya sallama wa zai tsaya yana ja? Haka Iritiriya a 1993, sai da Habasha ta yarda da ƙuri'ar.

Somaliland kuwa ta yi shelar ɓallewa daga Somaliya ran 18 ga Mayu 1991 bayan gwamnatin Siad Barre, shugaban Somaliya na lokacin, ta rushe. Suna da babban birni Hargeisa, da kuɗinsu, da sojansu, suna zaɓe shugaba ya faɗi ya miƙa mulki lami lafiya, abu huɗun nan na Montebideyo in ka bi su ɗaya ɗaya kusan duk sun cika, amma ta yi sama da shekara 30 ba ƙasa ko ɗaya da ta amince da ita, don gwamnatin Somaliya ta Mogadishu ta ce atafau yankinta ne. Ƙasashen Afirka kuma tun taron OUA, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta lokacin, na Alƙahira a 1964 suka ɗau alkawarin mutunta iyakokin da Turawa suka bari. Na san wannan magana tana da ɗaci a kunnen ɗan Maraɗi, mu da iyakar nan ta bi ta tsakanin mu da Katsina, dangi a Jibiya dangi a Ɗan Isa, har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake ce ma shi tun zuwan Ɗan Kasawa. Amma shugabannin lokacin tsoro suka ji, kuma ban ga laifinsu ba, in aka fara warware iyaka ɗaya ba wanda ya san inda zaren zai tsaya.

An ga gwajin abin a Biyafara. Jagoransu Ojukwu ya yi shelar ɓallewa daga Najeriya ran 30 ga Mayu 1967, ƙasa biyar kacal suka amince, Tanzaniya, Gabon, Kot Dibuwa, Zambiya, sai Haiti. Faransa ta taimaka masu amma ba ta taɓa fitowa ta amince a hukumance ba. Diori ya tsaya bayan gwamnatin tarayyar Najeriya, a Yamai ma aka yi wani zaman neman sulhu a 1968. Zuwa Janairun 1970 magana ta ƙare bayan an yi asarar rayuka mai ban tausayi, yawanci yara da yunwa ta kashe. Azawad da ƙungiyar 'yan tawayen Buzaye ta MNLA ta yi shela a arewacin Mali a Afrilun 2012 ita ko ƙasa ɗaya ba ta samu ba.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce ina sarin atamfa, abin da nike so in sani shi ne wannan amincewa da kuke faɗi mi ta ƙara ma talaka, kuma in ƙasa ta amince tana iya janyewa daga baya?

Daga wata Hajiya, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Hajiya barka kadai, Allah shi ƙara buɗi. Ke da kike tafiye-tafiye kin fi ni sanin amsar farko. Ki tuna lokacin da kika miƙa fasfo ga ɗan sanda a filin jirgi, ya buɗe ya dube ki ya dubi hoto ya buga tambari ya miƙo, to ba kyan takardar ya duba ba, ƙasarsa ce ta san da zaman taki. Wanda ƙasarsa ba a amince da ita ba fasfonsa a wurare da yawa ba ya da maraba da littafin rubutu, biza ta zama wahala, ɗansa ya gama karatu a ƙi karɓar difloma, aika kuɗi ta banki sai an zagaya, gwamnatinsa ba ta iya cin bashi a Bankin Duniya ko FMI, asusun ba da lamuni na duniya, da sunanta don a gina asibiti ko hanya, in an kama shi a ƙasar waje ba ambasad ɗin da zai kira. Manya suna zaune a otal suna tattaunawa shekara goma shekara ashirin, wanda ke ɗauke da kaya a ka shi ke biyan kuɗin jiran.

Amma kada ki ɗauka amincewa magani ce ta komai. Sudan ta Kudu da duniya duk ta yi wa guɗa, a Disamba 2013 yaƙin basasa ya ɓarke cikinta, shekara biyu da 'yan watanni kacal bayan biki.

Janyewa kuwa ana yi, kuma ba sai mun je nesa ba, mu nan mun yi wani abu mai kama da haka. Tsakanin Sin da Taiwan dole ka zaɓi ɗaya don Bejin, wato gwamnatin Sin, tana ɗaukar Taiwan yankinta ne, ba ta yarda ka haɗa biyu. Nijar da Taiwan take hulɗa a shekarun 1960, a 1974 ta koma wajen Sin, a 1992 lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya bayan babban taron ƙasa, baitulmali ya bushe ma'aikata na bin bashin albashi wata da watanni, aka sake komawa Taiwan, Sin ta yanke hulɗa, sannan a 1996 zamanin Ba'are aka sake juyowa Bejin. Sau uku muna sauya wuri cikin shekara 22. Ni ban zargi kowa ba don na tuna yadda malaman lakwal suke zama ba albashi a lokacin, amma ya nuna miki cewa buƙata ce ke gaba a wannan sha'ani, doka tana biye. Haka Sahara ta Yamma, ƙasar Sahrawi da Maroko ke cewa yankinta ne, OUA ta karɓe ta, Maroko ta yi fushi ta fice a 1984 ba ta dawo ba sai 2017 bayan ƙungiyar ta koma Tarayyar Afirka, kuma a tsakanin nan ƙasashe da dama da suka amince da Sahrawi sun janye ko sun dakatar, alhali mutanen da ake magana a kansu da yawansu tun 1975 suna sansanonin gudun hijira a Tinduf cikin hamadar Aljeriya, an haifi yara a can sun girma sun haifi nasu.