Kwasar Adashi Na Tafe: Bashi Zan Biya Ko Kayan Ɗaki Zan Fara Saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya da iyali. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina. Albashina naira 185,000 ne, amma kafin ya iso hannuna ƙungiyarmu ta taimakon juna a wurin aiki tana cire 35,000 na rancen da na karɓa lokacin jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Saura 280,000 in gama da su. Yayana yana bi na 150,000, bai taɓa tambaya ba. Dillaliyar unguwarmu tana bi na 70,000 na atamfa da leshi, mai kanti kuma 28,000. Wanda ya hana ni barci shi ne na manhajar waya: 60,000 na ara wata biyu da suka wuce, yau sun ce 84,000 suke bi na, har sun fara barazanar tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata. Maigidana bai san da wannan ba.

Ina zuba adashin 20,000 duk wata. Mu goma ne, an yi zubi huɗu, ni ce ta takwas a kwasa. Kuɗin mota yana cin 30,000, abin da nake taimakawa a cefane 45,000, hidimar makarantar yara 15,000, kati da data 8,000. A lissafi 32,000 ya kamata ta rage, amma wallahi ban san inda take shiga ba.

'Yata ta fari an tsayar da maganar aurenta nan da shekara biyu, idan ta gama karatu, kuma ko cokali ban ajiye mata ba. Ina kuma da burin sauke farali. Ƙawayena sun ce idan na kwashi adashi in fara sayen kayan ɗaki, tunda kullum tashi suke, bashi kuwa a biya a hankali. Don Allah ki ba ni shawara.

Taki, mai karatu daga Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarmu, ya sa jinyar da kika yi mata ta zama sanadin aljannarki. Na gode da kika rubuto da alƙaluma. Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar ma'aikata irin taku, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna gabana suna kukan bashi, idan na ce "nawa ne duka?" sai ido ya koma sama. Ke kin san naki: 612,000. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma naki bai kai wanda zai kayar da ke ba.

Ƙawayenki ba ƙarya suka yi ba, kaya na tashi. Amma a ɗora maganarsu a sikeli. Ko a shekarar 2024, da hauhawar farashi ta addabi kowa bayan cire tallafin man fetur, hukumar ƙididdiga ta ƙasa kashi talatin da ɗoriya cikin ɗari ta lissafa, kuma a shekara guda cur. Manhajar nan kuwa ta ɗora miki 24,000 a kan 60,000, wato kashi 40 cikin ɗari, a wata biyu kacal. Babu tukunya, babu firiji, babu kular da take tashi da irin wannan gudun. Idan kika sayi saitin tukwane kika tura ƙarƙashin gado alhali wannan bashin yana raye, to kullum kina biyan kuɗin tukwanen ne sabo, ba tare da kin sani ba. Ga kuma batun riba, wanda ba sai na yi miki wa'azi a kansa ba, kin san hukuncinsa.

Don haka ba na so ki jira wata huɗu. Ki shirya ki je gidan uwar adashinku, kada ki yi ta waya. Ki ce mata lalura ta same ki, ki roƙi ta nemo miki musaya da ta biyar ko ta shida. A kowane adashi akwai wadda ba ta matsu ba, wadda ma ta fi son kwasar ƙarshe don kada ta cinye kuɗin. Ba abin kunya ba ne, dama don irin wannan ranar aka ƙirƙiri adashi. Idan 200,000 ta shigo, kada ki bari ta kwana a hannunki. Manhaja 84,000, dillaliya 70,000, mai kanti 28,000, jimla 182,000. A yini ɗaya kin sallami mutum uku. Ragowar 18,000 kuma zan gaya miki inda za ta.

Sai dai ki tuna, da zarar kin kwasa kin koma mai bashi ga sauran matan da ba su kwasa ba. Zubin nan shida da suka rage wajibi ne, ko da ranar babu nama a miya.

Idan musayar ba ta yiwu ba, sai ki tattara 32,000 ɗin nan gaba ɗaya ki riƙa watsa wa manhajar duk wata, ki rubuta musu cewa ga abin da za ki iya, su dakatar da tarar da suke ɗorawa. Idan kina da wani abu da za ki iya rabuwa da shi, ɗan kunne ko tsohuwar waya, ki sayar ki rage. Abu ɗaya na hana ki, ko da wasa: aro daga wata manhajar don biyan wannan. Na ga wanda ya fara da ɗaya ya wayi gari da bakwai, kowacce tana kiransa kafin sallar asuba.

Barazanar tura saƙo kuwa, ki ɗauki hoton duk abin da suka turo miki ki adana. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ita ce ke yi wa masu ba da bashi ta waya rajista, kuma tana karɓar ƙorafi kan tozarta mutane da ɓata musu suna. Bin bashi haƙƙinsu ne, tona asirinki ga dangi ba haƙƙinsu ba ne. Ranar da kika biya, ki nemi shaidar cewa kin gama, ki ajiye, sannan ki goge manhajar daga wayarki.

Amma ki lura da abin da ya ba su ƙarfi a kanki. Ba 84,000 ce ke hana ki barci ba, tsoron kada maigida ya ji ne. Ki riga su. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki ce, "Abban yara, akwai maganar da na ɓoye maka, ga ta, ga kuma yadda na tsara zan fita." Zai iya yin faɗa, ki haƙura ki shanye. Faɗan dare ɗaya ya fi a ce daga bakin abokin aikinki ko ƙanwarsa ya ji. Kuma kina buƙatarsa a maganar kayan ɗaki, za mu zo wurin.

Yanzu ga 32,000 da kika ce ba ki san inda take shiga ba. Ni na sani, kuma dillaliyarki ma ta sani. Atamfa da leshin 70,000 ba don zuwa asibiti kika ɗauka ba, tunda farin kaya kike sawa a can. Anko ne. Bikin 'yar ƙawa, sunan jikar maƙwabciya, gudunmawar wance, liƙi a wurin kamu, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ɗan tsiren da ake shigo wa yara da shi. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Ki sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, ki sa a jakarki, wata ɗaya tak ki rubuta duk abin da ya fita, har naira ɗarin da mai POS ya cire. Ranar talatin ki zauna ki karanta shi ke kaɗai.

Ba zan ce ki daina zumunci ba. Mace mai shirin aurar da 'ya ba ta janye ƙafa daga bikin mutane, don abin da kika kai shi za a kawo miki. Amma a yanka masa rabonsa: 10,000 a wata, a ambulan daban. Idan ta ƙare, ta ƙare. Ki je bikin da kayan da ke cikin akwatinki, ki gaisa, ki yi Allah ya sanya alheri, ki taya aiki a kicin. Wadda za ta ƙullace ki don ba ki yi anko ba, ko kin yi ma za ta samo wani dalilin. Ita kuma dillaliya, ranar da kika biya ta za ta kwance ƙullinta a tsakar ɗakinki ta ce, "Hajiya, wannan sabon shigowa ne, ɗauki kawai, ai ke ba a jin ki." Ki ba ta ruwa ta sha, ki yaba kayan, ki taya ta ɗaurewa.

Saura 22,000. Daga ciki 15,000 ta yayanki ce, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau. Bashin da ba a tambaya shi ne aka fi zalunta. Mai kanti zai tare ki a hanya, manhaja za ta kira, ƙungiya ta cire nata tun daga sama, shi kuwa ɗan'uwa kunya ta rufe masa baki sai a mayar da shi na ƙarshe, daga nan a manta. Shirunsa ba yafiya ba ne. Wataƙila matarsa tana yi masa gori a kai, ke ba ki sani ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sanya masa wa'adi ta sauka, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba. Manzon Allah (SAW) ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Ki je ki same shi ki ce, "Yaya, ban manta ba. Daga wata mai zuwa 15,000 za ta riƙa shigo maka ranar da aka yi albashi, wata goma." Ki rubuta, ki sa wani ya shaida. Idan ya ce ya yafe wani abu, alhamdulillah, daga bakinsa ya fito.

Ragowar 7,000 ta bi waccan 18,000 zuwa wani asusu daban, wanda ba ki karɓi katinsa ba kuma ba ki sa manhajarsa a waya ba. Idan kina gudun kuɗin ruwa, ga bankunan da ba sa mu'amala da shi: ga Jaiz, ga TAJ, ga Lotus. Wannan ba kuɗin kayan ɗaki ba ne, ba kuma na Makka ba. Na zazzaɓin dare ne, da mutuwar waya, da tafiyar gaisuwar rasuwa. Wasu za su ce wauta ce mai bashi ya yi ajiya. Ni ban yarda ba, domin rashin irin wannan 'yar ajiyar ne ya kai ki hannun manhaja tun farko. Kafin shekara ta zagayo za ta haura 100,000.

Rancen ƙungiya ki bar shi yadda yake, wata takwas ya rage. Abin da nake so shi ne ranar da ya ƙare, ki je wurin sakatarenku ki cika takarda su ci gaba da cire 35,000 ɗin, amma a matsayin ajiyarki. Kin riga kin saba rayuwa babu ita. Idan kika bari ta shigo asusunki wata ɗaya kawai, za ta samu aikin yi, kuma ba za ki sake kama ta ba.

To mu lissafa wa amarya. A cikin wata 24, ajiyar ƙungiya ta wata 16 za ta ba ki 560,000. Kuɗin da kike ba yaya, idan kin gama da shi, wata 14 ne, 210,000. Adashi bayan wannan zagayen, wata 18, 360,000. Kin ga an haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari, ba ki ci bashin kowa ba. Ba zan ruɗe ki ba, wannan ba zai yi irin jeren da ake ɗorawa a Instagram ba. Amma a al'adarmu ba uwa kaɗai ke yin ɗaki ba. Gado da kujeru galibi na uba ne da danginsa, ke naki kicin ne da tarkacen mata, ga gudunmawar gwaggonni da ƙawaye. Shi ya sa na ce ki gyara tsakaninki da maigida tun yanzu, ku raba nauyin tun da sauran lokaci.

A nan ne shawarar ƙawayenki za ta yi amfani. Daga wata na tara, kada ki tara takardun kuɗi har shekara biyu suna zubar da daraja. Duk wata uku ki ciro ki sayi abin da ba ya lalacewa kuma ba a daina yayinsa: tukwane, kuloli, faranti, bokitai, abin girki na gas. Labule, zannuwan gado da kayan wuta a bar su sai an kusa, na farko saboda yayi, na ƙarshe saboda kada garantinsu ya ƙare suna cikin kwali. Ki zaunar da yarinyar ki gaya mata abin da za ki iya. Budurwar da ta kai aure ta kai a nuna mata lissafi.

Hajji kuwa, Allah ya sa muna da rabo. Farali ne a kan mai iko, mai bashi a wuya kuma biya ne a gabansa. Bayan biki, 70,000 ɗin da kika saba warewa duk wata ta zama taki. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana da tsarin tara kuɗin Hajji a hankali da ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020. Ki je ki ji sharuɗɗansu idan lokacin ya yi.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ana bi na 400,000 na kaya. Wani abokina ya nuna mini wata harka a waya, ka saka kuɗi su ninka cikin wata ɗaya, har ya nuna mini alat ɗinsa. Ina da 200,000. In saka in biya bashin gaba ɗaya?

Ɗanki, daga Kano

AMSA

A'a, ɗana. Alat ɗin abokinka na gaske ne, amma kuɗin waɗanda suka shiga bayansa ne aka ba shi, kuma naka ake jira a biya na gaba. Haka MMM ta yi har ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, haka CBEX ta yi a 2025. Ka ɗauki 150,000 ka kai wa mai kayan gobe da safe, ka roƙi wa'adi a kan sauran, ku rubuta. Ka bar 50,000 tana juyawa a shago. Idan abokin ya matsa, ka ce masa ya ranta maka 200,000 daga ribarsa, ka ji abin da zai ce.