Zan iya canja gasket ɗin Peugeot 504 da kaina a gida?

Tambaya: Ina da tsohuwar Peugeot 504 mai injin fetur da na gada wurin mahaifina. Kwanan nan ta yi zafi a hanya, yanzu salansa na fitar da farin hayaƙi, ruwan lagireto yana raguwa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Zan iya gyaran a gida?

Amsa: Malam, alamun nan na ƙonewar gasket ɗin tof ne (wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof, murfin saman inji, da bulok, gangar jikin inji), kuma za ka iya. Amma kada ka sake tayar da ita, don man da ya sha ruwa yana cinye ƙarfen inji.

Motar nan, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, injinta ba shi da rikitarwa, sai dai yana da tarko guda da ke kayar da mutane. Silif ɗin da fistin ke hawa da sauka a ciki zaune kawai yake a bulok, ruwa na zagaye shi, tof ne ke danne shi. In ka fizge tof sama, silif zai iya biyo shi. To, kwance kusoshin daga gefe zuwa tsakiya bayan inji ya huce, ka girgiza tof ɗin gefe-gefe har ya saki. Da ya fita, danne silif ɗin da manyan washa da noti, kuma kada kowa ya juya karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) kafin nan. In silif ya motsa, abin da ya toshe gindinsa ya lalace ke nan. Ko ka sa sabon gasket, ruwa zai ci gaba da zuba cikin mai.

Tof ɗin na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi. Kai shi wurin masu inji su auna, in ya karkace su daidaita fuskarsa, su kuma duba tsagewa. Wannan kuɗin ban yarda a yi masa rowa ba.

Wajen ɗaurewa, fara daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Ɗaurin ƙiyasi ne ke sa gasket ya sake ƙonewa. Sannan ka saita bawul, ka canja mai da filta.

Kafin ka hau titi, nemo abin da ya jawo zafin tun farko: lagireto da ya toshe, famfon ruwa, fanbel ko tiyo mai yoyo.