Na Sauya Kamfanin Intanet, Rautata Ta Ƙi Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Hotoro. Na bar kamfanin da ke ba ni intanet na koma wani, sun ja mini faiba har falo sun kafa akwatinsu. Na jona tsohuwar rautata TP-Link, waya tana kama waifai amma babu intanet. Sabuwa zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da zuwa Beirut Road, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Kano, tukuna. Galibi rautar, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, lafiyarta ƙalau, bayanan tsohon kamfani ne har yanzu a cikinta, da su take ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba.

Fara da akwatin da suka kafa. Fitilar PON ta tsaya kore cak. In ka ga LOS tana ƙiftawa ja, haske ba ya isowa ta faiba, aikin kamfani ne, ka kira su. Kada ka lanƙwasa siririn kebul ɗin, zaren gilashi ne a ciki.

In kore ce, ɗauko kebul daga LAN na akwatin ka sa a ramin WAN na rauta, shi ne mai launi daban. Nan mutane suka fi kuskure. Sai ka sami tsinke ka danne Reset kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke su dawo. Wannan zai goge har sunan waifai, saboda haka ka juya rautar ka karanta na asali a takardar da ke manne a ƙasanta. Jona da shi, ka buɗe 192.168.0.1 ko tplinkwifi.net a burauza, nan ne shafin saita rautar.

Abin da za ka tambayi kamfanin ke nan: wane irin haɗi suke bayarwa? In PPPoE ne, za su ba ka suna da kalmar sirri, ka rubuta su a shafin saita rautar harafi da harafi, babba da ƙarami, don harafi ɗaya ya isa ya hana ka shiga. In suka ce akwatin ne yake shiga da kansa, zaɓi Dynamic IP kawai. Ka tambaya har da lambar VLAN, wato lambar da ake ware hanyar intanet da ita a layin, wasu kamfanoni suna amfani da ita.

Akwai wata matsala da ke wahalar da mutane: akwatin da rautar su zo da adireshi iri ɗaya, misali duka 192.168.0.1. Sai rautar ta rasa ciki da waje. Mayar da nata LAN zuwa 192.168.2.1, ko ka sa ta a Access Point, wato ta tsaya ga raba waifai kawai, wanda ni shi na fi so in dai akwatin ne ke shiga. In har yanzu shiru, kashe duka biyun na minti 5, ka kunna akwatin, ya daidaita, sannan rautar. Wasu kamfanoni suna ɗaure layi da lambar MAC, wato lambar shaida, ta na'urar farko da suka gani, sai ka ce su saki.

Ka mayar da tsohon sunan waifai da kalmar sirrinsa a kan tsarin tsaro na WPA2, wayoyin gida da talabijin za su koma da kansu.

Dalili biyu ne za su sa ka sayi sabuwa: tsohon kamfani ya kulle ta, ko ramukanta na 100 Mbps ne alhali ka biya fiye da haka. Kuma da yanayin wutarmu, ka haɗa su biyun a ƙaramar UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, ka duba ko 9V ko 12V aka rubuta a cajar kowacce kafin ka saya.