Amsa: Ƙaton da agararsa ta tsinke zai iya komawa fili?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan layin gaba a ƙwallon Amurka, wato ƙaton da ke tare abokan hamayya da jikinsa, zai iya dawowa da ƙarfinsa bayan jijiyar agara ta tsinke, ganin irin nauyin jikinsu. Zai iya. Dubi Jason Peters, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Philadelphia Eagles.

Aikinsa a lokacin shi ne tsare gefen hagu, wato kare mai jefa ƙwallo ta ɓangaren da idonsa ba ya kaiwa. Mutum ne mai kusan kilo 150, kuma duk turin da yake yi daga diddige yake tasowa. A watan Maris na 2012 agararsa ta tsinke yana atisaye. Aka yi masa tiyata. Bai warke ba, ɗan keken da yake ɗora gwiwa a kai yana turawa a cikin gida ya karye da shi, jijiyar ta sake tsinkewa. Wannan ta biyun ce ta fi ba ni tausayi wallahi, don ko filin bai taka ba. Kakar 2012 gaba ɗaya ta wuce shi.

Da ya dawo a 2013, sai ga shi cikin gwanayen shekara na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka.

A Oktoban 2017 kuma jijiyoyin gwiwarsa biyu suka tsinke, yana ji yana gani abokansa suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin NFL, ba tare da shi a fili ba. Ya sake dawowa a 2018, bai daina buga wasa ba sai da ya kai shekara 41, a ƙungiyar Seattle.