Amsa ga mai tambayar kayan doki a Krakow

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, wai yini ɗaya gare ka a Krakow, kana son ganin takubban sarauta da kayan dawakin Poland, ko ka bi masu zagayawa da baƙi, sai raina ya sake ɓaci. Don Allah kar ka bi su.

Ni a gidan masu hawan sallah na tashi, tun ina yaro nake goge likkafa. Saboda sirdi kawai na hau jirgin ƙasa. Na biya wani ɗan jagora, na faɗa masa abin da ya kawo ni har sau uku, yana ta gyaɗa kai. Ya kai mu coci, ya tsayar da mu gaban gunkin wani dodo mai fesa wuta ana ta hotuna, ya kuma shigar da mu shagon tsaraba. Da muka isa fadar Wawel, tsohuwar fadar sarakunan Poland da ke kan tudu, tikitin taskar sarauta na ranar ya ƙare. Ko haƙuri bai ba ni ba, wai ai takobi takobi ne. Wallahi a kan dakali na zauna, hawaye na zuba, ga jirgina ƙarfe shida.

Sai da shekara ta zagayo na koma ni kaɗai. Kowane sashe da tikitinsa da lokacinsa, ka sayi na taskar ta intanet tun kafin ka taso. A can takobin Szczerbiec yake, wanda aka naɗa yawancin sarakunansu da shi daga 1320 zuwa 1764. Ya sha yawo, har Kanada aka ɓoye shi lokacin yaƙin duniya na biyu, sai 1959 ya dawo. Amma ni sirada ne suka riƙe ni: karammiski, zinariya, shuɗɗan duwatsu jere a jikin linzami, jalala mai aikin zare kamar ta Turkawa. Na tuna da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya gani da ba mai fitar da shi.

Ka leƙa tantunan Turkawa ma a nan fadar, na zamanin yaƙin Viyana na 1683, lokacin Sarkin Poland Sobieski. Idan da sauran ƙafa, gidan tarihi na Czartoryski yana cikin tsohon gari, akwai sulke da makamai. Ka ci abinci kafin ka hau tudun, ni yunwa ce ta koro ni.