Sarƙar tsohon agogo: a canza ta ko a riƙe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini agogon Rolex Datejust da ya saya tun ban yi wayo ba. Agogon yana tafiya lafiya lau, amma sarƙar ta saki, tana lilo a hannu tana kacau-kacau. Wani mai gyara ya ce zai saka mini sabuwa mai ƙyalli, ya karɓi tsohuwar ya rage mini kuɗi. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyauta namu zuwan. Ɗan'uwa, kada ka yarda. Ko da daga baya ka saka wata sarƙar don yawon yau da kullum, wannan tsohuwar ka naɗe ta a ƙyalle ka adana. A wajen masu tara tsofaffin agoguna, agogon da ya zo da sarƙarsa ta asali daban yake da wanda aka rabu da ita, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Sabuwar da za a saka maka a kan kuɗi kaɗan, mafi yawa kwaikwayo ce. Wanda ya nemi karɓar tsohuwar ya san abin da yake nema.

Mai yiwuwa sarƙar taka ita ce Jubilee, mai jeri biyar, uku ƙanana masu sheƙi a tsakiya, biyu manya a gefe. Rolex ya fito da ita a 1945 tare da Datejust na farko, shekarar da kamfanin ya cika arba'in. Duba bayan gaɓar da ke kusa da agogon, za ka ga lamba. In ka ga 6251H, irin tsohuwar ce wadda ake naɗe fallen ƙarfe a yi gaɓoɓinta, shi ya sa ba ta da nauyi kuma take yin wannan ƙarar. In 62510H ce, ta baya ce, mai ɗan ƙwari. Kacau-kacau ɗin da ke damunka ba aibu ba ne, tun tana sabuwa da kaɗan daga cikinsa ta zo.

Sakin kuwa, bari in tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun ɗauka ƙarfen ne ya miƙe kamar roba. Ba haka ba ne. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai ɗan siririn tsinken ƙarfe da ke riƙe su. Gumi da ƙura suna shiga wurin su daskare, duk motsin hannu sai su riƙa cin tsinken da ramin da yake ciki, kamar yadda yashi ke cin dutsen niƙa. Shekara arba'in ana haka, ramin ya faɗaɗa, tsinken ya sirance. A ƙasarmu, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina kuma zafin bazara ke sa hannu jiƙewa, abin ya fi sauri. Wanda kuma yake barin agogo sakwa-sakwa yana yawo a tsintsiyar hannu, shi ma yana ƙara wa sarƙar ciwo.

Ga yadda za ka auna lalacewar. Kama kan agogon da yatsu biyu, ka juya shi a gicciye yadda sarƙar za ta miƙe gefe guda, ka ga yadda za ta sunkuya. In ta ɗan rusuna kawai, ci gaba da sakawa. In ta lanƙwashe ƙasa kamar wutsiya, tsinkayen sun ci sosai, wata rana ɗaya zai karye a kasuwa ko a kan babur, agogon Baba ya faɗi ba ka sani ba. Wannan ne abin tsoron, ba kyan gani ba.

Tana gyaruwa. Akwai ƙwararru da aikinsu ke nan: su warware sarƙar gaɓa-gaɓa, su saka sababbin tsinkaye, su cike ramukan da suka faɗaɗa, su mayar da ita. Ba aikin kowane mai tebur a bakin hanya ba ne, saboda haka ka nemi ganin aikin da mutum ya taɓa yi kafin ka miƙa masa. Kuma ka ja masa kunne kada ya kai ta kan injin gogewa. Ni kaina na taɓa ba da wata tsohuwar sarƙa a wanke mini kawai, aka dawo da ita tana walƙiya kamar madubi, kambin Rolex da ke kan maɓallin da ake ɗaure sarƙar da shi ya kusa shafewa, kusurwoyin duk sun zama sulɓi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ƙarfen da inji ya cinye ba ya dawowa.

Wanki kuwa ka iya da kanka. A cire maka sarƙar daga jikin agogon, ka jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka bi ta da tsohon buroshin haƙori, ka shanya. Kan agogon kada ya taɓa ruwa, robar da ke tare masa ruwa ta daɗe da tsufa. In za ka yi alwala, cire shi.

Tambaya: Malam, na sayi agogon Rolex Submariner 5513 mai hannun fata. Wani ɗan kasuwa a intanet yana tallar sarƙa, ya ce ta zamanin agogon ce, amma kuɗin ya girgiza ni. Ta yaya zan gane gaskiyarsa?

Amsa: Alhaji, tsadar ba abin mamaki ba ce, domin sarƙoƙin nan sun fi agogunan saurin mutuwa, da yawa an jefar da su tun da daɗewa. Amma 5513 agogo ne da aka daɗe ana yin sa, daga 1962 har 1989, don haka kalmar "ta zamaninsa" ba ta isa ba. Sarƙar da yake zuwa da ita, wadda ake kira Oyster, ta zo da siffa uku a tsawon wannan lokaci. Ta farko mai ƙusoshi ce da ake ganin kawunansu a gefe, irin su 7206. Bayanta aka yi mai naɗaɗɗun gaɓoɓi, 9315. Sannan mai daskararrun gaɓoɓi, 93150. Sai ka fara sanin shekarar agogonka daga lambarsa, wadda ke tsakanin ƙahonnin da ke wajen ƙarfe shida, wato 'yan ƙarafan jikin agogon da ake maƙala hannun a tsakaninsu, sai an cire hannun ake ganinta.

Daga nan ka nemi hotuna uku, masu haske, ba wanda aka ɗauka daga nesa ba. Na farko lambar sarƙar. Na biyu lambar bakinta, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke cike tsakanin sarƙa da agogo: 7206 da 80 take tafiya, 9315 da 280 ko 380, 93150 kuma da 580 ko 593 ko 501B. Baƙon baki ba ya zama daidai, yana motsi yana goge ƙahonnin agogon. Na uku cikin maɓallin, inda ake buga lokacin da aka ƙera shi. A tsofaffin, lamba ce daga 1 zuwa 4 mai nuna kashin shekara, tare da shekarar, misali 2 da 68. Daga 1976 aka koma harafi, A ita ce 1976, B 1977, lambar da ke gefe kuma wata ne. In maɓallin ya girmi agogon ko ya bi bayansa da shekara ɗaya ko biyu, ba komai, a lokacin dillalai a shagunansu suka riƙa haɗa agogo da sarƙa. In tazarar ta kai shekara goma, haɗe-haɗe ne, kuma kuɗin haɗe-haɗe za ka biya.

Ka ƙirga gaɓoɓin, ka tambayi tsawonta da milimita. Sarƙar da aka rage wa siririn hannu, neman ƙarin gaɓarta wahala ce da kashe kuɗi. In kuma ka ga an buga U.S.A. a maɓallin wata mai ƙusoshi, kada ka yi saurin cewa jabu ce, kamfanonin Amurka irin su C&I sun yi wa Rolex sarƙoƙi don kasuwar can. Masu jabu ma sun iya buga lambobi, saboda haka kada kuɗinka su fita sai da sharaɗin mayarwa bayan wani masani ya riƙe ta a hannunsa.

Tambaya: A akwatin kakanmu mun tsinci sarƙar agogo ita kaɗai, gaɓoɓinta ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. A maɓallin akwai hoton kan rago da haruffan G da F. Yayana ya ce mu kai wa masu sayen ƙarfe.

Amsa: Hajiya, ki riƙe hannun yayan naki. Wannan tambarin Gay Frères ne, gidan maƙera na Janiba a Suwizalan da aka kafa a 1835. Su suka riƙa yi wa Rolex da Patek Philippe da Heuer sarƙoƙi, su suka yi mai kama da tsani ta agogon Zenith El Primero a 1969, da ta agogon Royal Oak na kamfanin Audemars Piguet a 1972. Rolex ya saye gidan a 1998. Irin taku ma ƙwayar shinkafa masu tarawa suke kiranta, kuma ana nemanta ko babu agogo a jikinta. Ku auna faɗin bakinta, ku ga ko miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa, domin shi ke nuna agogon da za ta shiga. In launin zinariya gare ta, ku nemi lambar 750, alamar karat 18 ke nan. Sannan ku sake bincika akwatin da kyau, wataƙila agogon da ta fito daga jikinsa yana nan a ƙasan kaya.