Amsa ga Hajiya kan yaron da karatu ke yi wa wuya a Jidda

Hajiya, kin ce ɗanki yana aji biyu, Hausa kawai ake yi a gida, har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. Ki kwantar da hankalinki. Larabcin unguwa daban, na littafi daban, ko 'ya'yan Larabawa suna tuntuɓe a nan.

Ki fara neman jami'in da ke kula da lamuran ɗalibai, muwajjih suke ce masa. Ki tambaye shi ko makarantar tana da shirin su'ubatut ta'allum. Shiri ne na taimaka wa yaran da koyo ke yi wa wuya. Inda ake da shi, malami yakan ɗauki yaro zuwa wani ɗaki na musamman, su zauna shi kaɗai ko da 'yan kaɗan, sannan ya koma aji. Sai kin sa hannu za a fara. 'Yata ta shiga, lokacin tana rikita sinun da shinun, kullum da kuka. Kafin zango ya ƙare tana karanta allunan shaguna da ƙarfi a mota, har ta ishe mu.

Sakamakonsa yana Noor, aikin gida kuma a Madrasati, wato shafukan intanet na ma'aikatar ilimi, ki riƙa dubawa. Hausar kuwa kada ki daina yi masa, ba ita ce matsalar ba.